Kalmar "Ne" a Kasuwar Solun

Ni na matsa a tafi da Baba, wannan ba zan musa ba. Yayana Milen ya yi ta faɗa a waya: "Rumyana, kanki ɗaya kuwa? Tsohon da shekaranjiya ya ajiye takalminsa a firiji za ki kai ƙasar mutane?" Na ce masa a Solun aka haifi kakarmu mahaifiyar Baba, birnin da Girkawa ke kira Tasalonika, kuma tun muna yara Baba ke cewa zai je ya ga unguwarsu. Daga garinmu Sandanski na ƙasar Bulgeriya tafiyar ba ta kai awa uku ba. In ba mu kai shi bana ba, baɗi ko mun kai shi ba zai san inda yake ba. A watan da ya wuce sau biyu yana kallona yana tambayar ni 'yar gidan wa ce. Na kama mana kujera uku a bas ɗin masu zuwa hutun sabuwar shekara, ni da shi da mijina Kalin.

Muna tsallake iyaka Baba ya taɓo Kalin. "Kai surukina, saurara. A Solun, in ka nemi mace da aure ta ce maka 'ne'..."

"Baba, mun ji," na katse shi. "Sau dubu mun ji. Ka sha ruwa."

Ya juya yana kallon taga. Tun da mantuwa ta kama shi labaransa ba su wuce biyar ba, su yake juyawa safe da yamma, ni kuma na daɗe da toshe kunnena.

Ranar ƙarshen shekara da hantsi muka shiga kasuwar tsakiyar gari. Mahauta sun fito da murhu kan titi, hayaƙin nama ya turnuƙe ko'ina, masu busa da masu ganga kowa na nasa, mutane na rawa da kofi a hannu tun rana ba ta take ba. Iskar arewa kuma tana yanka kunne kamar reza. Da ƙyar muka samu tebur a bakin wani gidan abinci. Mai kawo abinci ya nuna mana yatsa biyar, wato minti biyar, ni kuma na yarda da shi, sakarya.

Baba na da ciwon sukari. Kafin ya ci abinci sai an yi masa allura, in kuma an yi, dole abinci ya bi baya cikin rabin awa. In bai ci ba sai gumi, sai rawar jiki, daga nan sai suma. Ƙarfe ɗaya saura kwata na cire masa kwat, na rataye a bayan kujera, na naɗe hannun rigarsa na yi masa allurar. Na ce wa Kalin ya kula da shi, na shiga ciki wanke hannu. Layin mata ya riƙe ni kamar minti shida.

Da na fito, sai ga Kalin tsaye kan kujera, waya a sama, yana ɗaukar masu rawa.

"Ina Baba?"

"Ga shi nan a..." Ya waiwaya, bakinsa ya tsaya a buɗe.

Kujerar ba kowa. Kwat ɗin na nan inda na rataye shi. A aljihunsa akwai takardar da na rubuta sunan otal da lambar wayata, akwai alawa uku da nake sa masa saboda irin wannan rana.

"Aiki ɗaya na ba ka, Kalin. Ɗaya tak! Ƙaton banza, kai ga mai ɗaukar fim!"

"Yanzu fa yake nan, Allah kuwa yanzu..."

"Rufe min baki. Ka yi sama, ni zan yi ƙasa."

Na rungumi kwat ɗin na kutsa cikin mutane ina kiran "Baba! Baba Tanas!" Ganguna suka haɗiye muryata. Na faɗa shago na farko, mai kifi ko kallona bai yi ba. Na biyu a rufe. Na uku gidan burodi ne, layi har waje, kowa na jiran kek ɗin sabuwar shekara. Na ture mutane, gwiwar hannuna ta kifar da wani faranti, na tura hoton Baba a fuskar matar da ke bayan kanta, wata mai jiki da jan tabarau, gari har gwiwar hannunta. Ta kalli hoton, ta zaro ido.

"Ne!" ta ce. "Ne, ne!" Tana ta kaɗa hannu.

A yarenmu na Bulgeriya "ne" a'a ce. Ban tsaya jin saura ba, na juya na fice. Na ji tana ɗaga murya a bayana, na ce a raina faɗan farantinta take yi, ta je ta yi da wani.

Ɗaya da kwata ta same ni a babban titi. Rabin awar ta cika. Na gangara bakin teku don Baba na son ruwa. Can na hango wani tsoho a kan benci, ba kwat, kansa a sunkuye. Na ruga har na zame na ci ƙasa da gwiwa, na kama kafaɗarsa, ya ɗago, ba shi ba ne. Motar asibiti ta wuce da jiniya, na bi ta da ido har ta ɓace. Wayata ta yi ƙara, sunan Milen a kai. Na san gaisuwar sabuwar shekara zai yi, ya ce a ba shi Baba. Na bar ta ta yi ta ƙara.

Kalin ya kira wajen ƙarfe biyu. Ya sami jagoran tafiyarmu, sun gaya wa 'yan sanda. "Sun ce mu kwantar da hankali, Rumi."

"Ka ce musu su zo su kwantar min da shi. Mutum ya faɗi a lungu yau, kowa zai ce giya ce ta kayar da shi, su tsallake shi su wuce."

Abin da ke cin raina ke nan. Duk wanda na gani jingine da bango sai na leƙa fuskarsa. Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba, da haushin kaina, don ni na cire masa kwat ɗin, ni na soka masa allurar kafin in ga abinci da idona.

Biyu da rabi na sake samun kaina a cikin kasuwa, masu shaguna sun fara ja da ƙofofi. Numfashina ya ƙare, na dafa teburin wani mai zaitun. Wata tsohuwa na tsaye yana auna mata. Ya ɗaga ludayi ya tambaye ta wani abu. Ta ce, "Ne." Ya ƙara mata. Ya sake ɗaga ludayin yana dariya, ta sake cewa "ne," ya sake ƙarawa.

Sai na ji muryar Baba tar a kaina, yana ƙarasa abin da na hana shi ƙarasawa a bas: "...ta ce maka 'ne', maza ka sayo zobe, don tasu 'ne' ɗin i ce."

Na san wannan. Kowa a garinmu ya sani, har akuyoyin bakin iyaka. Amma a firgice kunnena yaren gida kawai ya ji. Kusan awa ɗaya da rabi ke nan da matar nan ta ce mini i, ta gan shi.

Na kwasa da gudu. Na shiga lungun da ba shi ba, na fito, na shiga wani, sai ga ƙamshin burodi. An ja ƙofar ƙarfen har rabi. Na durƙusa na rarrafa ta ƙasa. Mai jan tabarau na ganina ta riƙe ƙugu ta buɗe mini wuta da yarensu, kuma ko ban ji ba na san na cancanta. Ta damƙi hannuna ta ja ni ta bayan kanta, muka wuce buhunan gari.

Yana zaune kusa da tanda, an lulluɓe shi da mayafin ulu, faranti a cinyarsa, ɓurɓushin kek a gemunsa. Hannunsa ba ya rawa. Daga baya jagoranmu ya fassara mini cewa Baba ya shigo yana gumi, ya roƙi burodi da irin maganar da ƙananan yara ke yi, matar ta gane don mijinta ma haka yake fama, ta ɗura masa ruwan zuma. Ta ma tura mijin ya bi ni, ya rasa ni a cikin taro.

Amma a lokacin abin da na ji kawai shi ne Baba yana hira da mijin matar a hankali, da yaren Girka. Shekarata hamsin da ɗaya, ban taɓa jin ya haɗa jimla ɗaya da yaren nan ba. Na kakarmu ne, na yarintarsa.

Na durƙusa a gabansa da kwat ɗin a hannu, ina kuka ba kunya. Ya kalle ni cikin ladabi, irin kallon da yake wa ma'aikaciyar asibiti.

"Baba," na ce, "ka gane ni?"

A daidai lokacin matar ta dafa kafaɗarsa, ta nuna ni, ta yi masa tata tambayar. Ba na buƙatar tafinta, tambaya take ko ni 'yarsa ce.

Baba ya dube ta, ya dube ni, ya yi ɗan murmushi.

"Ne," ya ce.

Matar ta tafa hannu don murna. Ni kuwa na tsaya riƙe da hannun kwat ɗin, ina jira ya ƙara ko da kalma ɗaya ce in san wacce a cikinmu ya amsa wa. Bai ƙara ba, ya miƙo hannu na sa masa kwat ɗinsa.