Karan Alkamar Metro

"Ɗauke romon nan, Verna, ba shi na kira ki ki kawo ba," in ji Metro. "Zauna. Mutuwa zan yi, kuma ban iya zaɓen wata ba, sai Fabrairu."

Verna ta ɗora tukunyar a murhu duk da haka. Shekara arba'in da ɗaya suna maƙwabtaka, in dai ana kiran mil huɗu maƙwabtaka, ba ta taɓa jin tsohon nan ya yaba girkinta ba, ba ta kuma taɓa ganin ya rage ko cokali ba. Yau kam ko kallon tukunyar bai yi ba. Yana kujerar bakin taga cikin bargo biyu, ya rame har zoben aurensa ya koma babban yatsa.

"Tun bara kake mutuwar nan," ta ce. "Ka yi ka gama mana."

"Wannan karon da gaske ne. Ɗana Darrell ya bugo daga birni, wai ƙasa ta daskare, hanyar maƙabarta ta toshe, gara a kai ni can a ƙone, a zuba ni a gwangwani kamar sukari." Ya yi tari mai tsawo. "Kusa da matata nake so. Paraska ta gaji da jira. Ki yi mini alkawari."

A Fabrairu ƙasar nan kan daskare har zurfin tsayin mutum. Da can in an yi rasuwa da sanyi, maza ashirin ke fitowa da karan alkama, su tara a kan wurin kabarin, su kunna, su kwana biyu suna ƙarawa har ƙasa ta saki. To yanzu ina mazan? A duk tsawon hanyarsu gida biyu kawai ke fitar da hayaƙi, nata da nasa.

"Na yi," ta ce. "Yanzu sha romon, kar ka raina mini hankali."

Ranar Alhamis da hantsi ta zo da burodi, ta tarar da shi a kujerar, kansa ya langaɓe, murhu ya mutu. Ta gyara masa bargon, ta zauna a gefensa wajen rabin awa kafin ta iya buga wa Darrell waya. Darrell ba mugun yaro ba ne, nisa ne ya mayar da shi baƙo.

"Gwaggo Verna, ni ma zan so haka," ya ce. "In ƙasar ta buɗu kafin Litinin, shi ke nan. In ba ta buɗu ba, ba ni da yadda zan yi, a birni za a yi."

Sai ta nemi Lorne, direban gireda, motar share hanya guda ɗaya tilo da ƙaramar hukumar ke da ita, wanda shi ne kuma mai motar haƙa.

"Hanya kam zan buɗe miki yau, Inna. Amma haƙorin motata ba zai ci ƙasar nan ba, sai an yi wuta. Ni kuwa mil ɗari biyu na hanya ke jirana. Wa zai yi jigilar kara?"

"Ni."

"Ke? Da shekara saba'in da huɗu?"

"Da uku. Kar ka ƙara mini."

Haka ta shiga aikin mutum ashirin. A rumbun Metro akwai dammunan kara tun na kakar shekaru uku da suka wuce, ta riƙa mirgina su ɗaya bayan ɗaya cikin a-kori-kura, huɗu a kowane sawu. Ta share dusar ƙanƙara a gefen kabarin Paraska, ta jera karan, ta kunna, ta kife tsoffin kwanon rufi a kai don zafin ya nutsa ƙasa. Iskar yamma ba ta bar ta ta huta ba. Kullum sai ta kore wutar zuwa gabas, Verna ta bi ta da dogon cokalin ɗiban ciyawa tana jawowa tana zaginta.

Juma'a da Asabar ba motar da ta wuce. In hannunta ya ƙage sai ta shiga mota ta sha kofi, tana karanta sunayen da ke kan gicciye. Ta san kowa. Wannan ya taya su ɗora rufin gida, waccan ita ta karɓi haihuwar 'yarta. Sai ta lura mutanen da ta sani a cikin shingen nan sun fi waɗanda ta sani a wajensa yawa, nesa ba kusa ba. Kaɗaici ya kama ta, irin wanda ko ranar da mijinta Wasyl ya rasu ba ta ji ba, don a ranar akwai Metro. Ta yi kukanta ta ƙoshi, ta fita ta ƙara dami biyu.

Lahadi da azahar Lorne ya iso. Ya ture tokar, ya sauke haƙorin motar. Verna ta matso kusa. Ƙarfen ya karci ƙasa, ya ɗan tirje, sannan ya nutse, ya ɗago baƙar ƙasa tana tururi.

Da ya gama sai ya sauko yana caka sanda a gefen gabas.

"Kin yi ɓarnar kara, Inna. Nan ma ya yi laushi kamar kunu. Filin waye wannan?"

Ta dubi wurin, ta dubi gicciyen da ke gaba da shi. Kwana biyu tana takawa a kai, bai zo mata a rai ba.

"Nawa ne. Ga Wasyl can." Ta juyo gare shi. "Lorne, tunda injin da zafinsa, haƙa shi ma."

"Haba Inna. Ke da za ki binne mu duka?"

"Lafiyata ƙalau. Amma in ni ma ban iya zaɓen wata ba, wa zai yi mini jigilar kara?"

Lorne ya dubi hanyar da ya buɗe, ta miƙe fara fat har inda ido ya ƙare, ba gida ba hayaƙi. Ya hau ya juya motar gefen gabas, ya fara haƙa.

Ranar Litinin mutum bakwai suka raka Metro, har da limamin coci. Darrell ya rungume ta, ya tambaye ta ko mene ne wancan da aka rufe da katako, ta ce masa aikin Lorne ne. Da kowa ya shiga mota sai ta tsaya ta ɗora dutse a kowace kusurwar katakon saboda iska. Dusar ƙanƙara ta fara sauka a hankali, tana narkewa a kan sabuwar ƙasar Metro, tana taruwa a kan katakon.