Ƙashi a Wuyan Aku

Fankar ɗakin tana juyawa tana kuka kamar za ta faɗo. Mutum uku ne a bayan tebur. Ta tsakiya, mace mai tabarau, ta sake maimaita tambayar da Turanci, a hankali, kamar mai yi wa kurma magana: me ya sa kike son zama ungozoma?

Maman 'yan biyu ta san amsar. Shekara goma sha ɗaya tana sharar ɗakin haihuwa a asibiti, babu irin naƙudar da ba ta gani ba. Jarrabawar rubutu kuma ita ta zo ta biyu. Amma kalmomin Turancin sun ƙi fitowa. Ta kalli ƙafar tebur, gumi na gangara mata a gadon baya, har mai tabarau ta rufe fayil ta ce a kira na gaba.

Karo na biyu ke nan. Makarantar koyon ungozoma ba ta ɗaukar wadda ta haura shekara talatin da biyar, ita kuwa saura mata shekara guda.

"Ki haƙura mana," in ji maigidanta da ta koma gida. "Turanci sai a yarinta. Ƙwaƙwalwa idan ta tsufa ta daskare."

Kowa haka yake faɗa, kuma babu wanda ya taɓa buɗe ƙwaƙwalwar ya duba.

* * *

Wata nas ce ta kwatanta mata gidan wata tsohuwar malama da ta yi ritaya, tana koyar da manya a garejin gidanta bayan la'asar. Benci biyu ne da kujerun roba, da wata tsohuwar taya da wani direban tasi ya mayar kujerarsa. Akwai tela, akwai mai gyaran waya, akwai wata bazawara mai kitso. Allo dai babu.

Maman 'yan biyu ta fito da littafin nahawu da ta haddace tun daga bango har bango.

"Mayar da shi jaka, 'yata," in ji Malama. "Wannan kin cinye shi, shi ya sa ya tsaya miki a wuya. Doka biyu gare mu. Ba a gyara wa mutum yana cikin magana. Idan kalma ta ɓace miki, jefa ta Hausa ki wuce, wani zai miƙo miki ta Turanci."

"Hausa? A aji?"

"Haramun ce?"

Ranar, abin tattaunawa shi ne: ina kake son ganin kanka nan da shekara biyar? Direba ya miƙe ya yi ta zuba Turanci mai karyayyun ƙafafu, wai yana son motar kansa mai sanyi.

"Fara gyara ƙofar wannan tukuna," in ji tela da Hausa. "Jiya da igiya na ga ka ɗaure ta."

"Faɗa masa da Turanci!" in ji Malama. "Zagi ma darasi ne."

Aka kwashe da dariya. Tela ya yi ta lalube, mai kitso ta ara masa kalmar igiya, mai gyaran waya ya ara masa ɗaurewa, har zagin ya kammala. Malama tana gefe tana rubuta kurakurai a takarda, sai an tashi take bi da su ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ta ce na wane ne ba.

Wata biyu Maman 'yan biyu tana zuwa. Ita ke miƙa wa kowa kalma cikin raɗa, har direba ya sa mata suna Ƙamus. Amma da an ce ta miƙe, sai Turancin ya gudu.

* * *

Ranar da aka zo kan abota, Malama ta ce kowa ya ba da labarin aboki guda. Ba wanda ya fi kirki ba, wanda ka fi tunawa.

Da layi ya zo kanta, ba ta miƙe ba. Tana kallon tafin hannunta ta fara, da Turanci, murya can ƙasa.

'Yar kawunta ce, ta ce, kuma aminiyarta. Ana kiranta Aku saboda surutu. A makarantarsu ta firamare akwai wani ƙashin saniya da aka huda aka zura wa igiya. Duk wanda aka ji ya yi Hausa, a rataya masa. Ba ya rabuwa da shi sai ya kama wani. Wanda aka tashi yana wuyansa, bulala shida a gaban makaranta.

"Ranar yana wuyana. Saura kaɗan a kaɗa…" Ta tsaya. "Ƙararrawa."

Tela ya miƙa mata kalmar, a hankali. Ta karɓa ta ci gaba.

"Sai na taka ƙafar Aku da gangan. Ta ce, wayyo ƙafata, da Hausa. Na cire na rataya mata."

Tun daga ranar yara suka gane Aku ce mai sauƙin kamu. Kullum a wuyanta ake tashi. Kafin ƙarshen zango ta daina magana a aji, kafin ƙarshen shekara ta daina zuwa. Ita kuwa Maman 'yan biyu ta koyi abin da makarantar ta fi iya koyarwa: wanda ya yi shiru ba a dukansa.

Direba ya ce shi a tasu makarantar katako ne. Mai kitso ta ce su tsumman buhu ake sa musu.

Malama ta sauke ido kan takardarta. "Ni ma na rataya wa 'ya'yan mutane," ta ce. "Shekara tara. An ce mana haka ake koyon harshe, ban tambaya ba." Ta ɗago. "'Yata, kin san minti nawa kika yi kina Turanci? Bakwai."

"Ƙamus ta fashe!" in ji direba, ya buga tayarsa kamar ganga.

* * *

A karo na uku, ɗakin dai shi ne, mai tabarau ma ita ce, tambayar ma ba ta canza ba.

Sai Maman 'yan biyu ta kalli matar kamar yadda take kallon tela, ta buɗe baki. Ta ba su labarin wata mai ciki da likita yake ta yi wa bayani da Turanci tana gyaɗa kai don tsoro, ba ta gane komai ba, har sai da mai shara ta jingine tsintsiya ta riƙe hannunta ta fassara mata. A tsakiya kalma ta ɓace.

"Mabiyiya," ta ce da Hausa, ba ta sunkuyar da kai ba.

Na gefen dama ya ɗaga gira. Mai tabarau ta faɗa mata ta Turancin. Ta yi godiya ta wuce. Ta karya nahawu sau uku, ta ji su duka, ba ta tsaya tsince su ba.

Bayan sati uku takardar shiga makarantar ta fito. A gareji direba ya yi ta danna hon har maƙwabta suka leƙo. Maigidanta kuwa cewa ya yi dama shi ya san za ta iya.

* * *

Aku tana wanki da guga a wata rumfa bayan kasuwa. Maman 'yan biyu ta same ta tana hura gawayin dutsen guga, ta miƙa mata takardar da ta yamutse saboda yawan hannuwan da suka riƙe ta.

"An ɗauke ni, 'yar'uwa."

Aku ta rangaɗa guɗa har mai shagon kusa ya firgita. Ta rungume ta, tana dariya tana share ido da gefen zane.

"Aku, ranar nan a makaranta, da na taka ki…"

"Da gangan ne. Na sani tun ranar." Ta ɗaga kafaɗa. "Bulala shida ce, ke kuma ga ki kamar tsinke. Kawo nan, ji yadda kika cukurkuɗa ta. Haka za ki kai musu?"

Ta shimfiɗa takardar a kan teburin guga, rubutun a juye, kai ƙasa ƙafa sama, ita ba ta ma lura ba. Ta ɗora farin ƙyalle a kai, ta gwada zafin dutsen da yawu, sannan ta shiga bin ta a hankali, lungu lungu, har ta miƙe sumul.