Abin Da Ya Cika Kwamfutar

Sau uku Malama tana danna wurin ajiyewa, sau uku kwamfutar tana ɗago mata ɗan akwatin nan mai cewa babu sauran wuri. Sakamakon jarrabawar ɗalibai tamanin da huɗu ne a gabanta, kuma shugaban makaranta ya ce kafin a tashi yake son sa. Ta goge hotuna, ta goge tsofaffin takardu, akwatin ya sake fitowa kamar mai yi mata gwalo.

Ta rungumi kwamfutar, ta tsallaka titi zuwa layin masu gyara.

Wanda ta samu dattijo ne mai gilashin da aka ɗaure wa hannu ɗaya da zare. Shagon nasa cike yake da gawarwakin kwamfutoci, an jera su har rufi. Ya kunna tata, ya ɗan jira ta gama nishinta.

"Cikinta ne ya cika, Malama."

"Wannan na sani. Kada dai ka ce mini sai na sayi wani sabon abu."

"Ki bari in fara yin laifin tukuna, sannan ki kama ni," in ji shi, yana murmushi.

Ya nuna mata kujera, ta ƙi zama. Ta tsaya a bayansa, idonta a kan yatsunsa, don ta sha jin yadda ake kwashe wa mutane sirrinsu a irin waɗannan shaguna. Ya jera abubuwan da ke ciki daga babba zuwa ƙarami. Na farko wata folda ce da aka cusa cikin wata, ita ma cikin wata, ba ta da suna sai ɗigo uku.

"Ga ɓarawon naki. Ita kaɗai ta cinye fiye da rabin wurin. Wa ke taɓa kwamfutar ban da ke?"

"Ƙanena."

Ta faɗa a hankali, don zuciyarta ta riga ta tafi gida. Auta ya ba talatin baya, yana aiki a kantin kayan gini, kuma tun da mahaifinsu ya samu shanyewar ɓarin jiki ya dawo gidan da zama. Kwanan nan kullum sai ya ari kwamfutar. Idan ta shigo falo sai ya rufe ta da sauri, ya hau tambayarta ya makaranta. Ta taɓa zargin caca ce. Yanzu kuma ta zargi abin da ya fi caca muni.

"In goge?"

"Buɗe mini."

Dattijon ya juyo da fuskar kwamfutar wajenta, ya ja kujerarsa baya. "Abin gidanku ne. Ni bari in nemi wani sukurun da ya ɓace mini tun jiya."

Bidiyo ne a jere, kowanne da kwanan wata. Ta danna ɗaya. Ɗakin Baba ya bayyana, an ɗauko shi daga sama, daga kan kabad ɗin kaya: gadon ƙarfen, keken guragu, kwanon magunguna a kan tebur. Ashe kyamara Auta ya ɓoye.

Nan take ta gane dalili. Mako uku da suka wuce sun ga shatin yatsu a wuyan hannun Baba, ya yi baƙi. Baba ba ya iya magana sosai, sai dai ya kalle ka. Ita ce ta fara cewa mai jinyar ce, matar da ke zuwa da safe ta tafi da yamma. Ranar Talata shatin ya sake fitowa, sai ta tare matar a bakin ƙofa ta ce mata Juma'a ce ranarta ta ƙarshe. Matar ta ce, "Allah ya gani, Malama," ta ci gaba da matse tawul.

To amma me ya hana Auta gaya mata? Ko ita ma bai yarda da ita ba ne? Ko kuwa akwai wata ƙullalliya tsakaninsa da matar, yana rufa mata asiri? Ta tuna ranar da ta sallame ta, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Ta nemo bidiyon Talata. Yau za ta ga komai da idonta.

Ta fara daga tsakar rana. Mai jinyar tana goge wa Baba jiki, tana juya shi a hankali, tana yi masa hirar da ba ya iya amsawa. Ta ba shi abinci cokali-cokali, ya tofar, ta share, ta sake. Malama ta tura gaba, ta sake turawa. Ba komai. Ta ce a ranta, makira ce, ta san inda kyamarar take. Sai ta koma farkon ranar.

Bakwai saura minti goma. Wata mata ta shigo da jaka a kafaɗa, tana duba agogo. Sai da ta ga mayafin ta gane kanta. Baba ya kawar da kai daga maganin, ya ɗaga hannunsa mai lafiya yana karewa. Matar ta cafki wuyan hannun, ta danne shi a kan gado.

"Baba, don Allah kada ka ɓata mini lokaci."

Muryar ta cika shagon. Ta yi sauri ta rage sautin. Ta ga kanta ta fita ko waiwaye babu. Ta ga Baba ya daɗe yana kallon hannunsa. Likita ya taɓa gaya mata maganin da yake sha yana sa fata saurin tara jini, ta ce to, ta manta.

Dattijon yana can yana tonon wani gwangwani, bai ɗago ba. "Idan aka goge wannan, kin huta har shekara biyu. Dannawa ɗaya ce."

Ta ɗauki waya ta kira Auta. Ana jin ƙarar sauke rodi a bayansa.

"Na ga abin da ka ajiye."



"Tun ranar Laraba na gani, Yaya," in ji shi. "Kullum sai in ce yau zan faɗa miki, sai in ga kin dawo a gajiye. Ki goge kawai. Ba wanda ya gani sai ni."

"Ka bar ni na kori baiwar Allah."

"Na yi niyyar in roƙe ki ki bar ta. Ban san ta inda zan fara ba."

Ta kashe wayar. Ta nuna wa dattijon wata folda ta finafinan da ta tara shekara da shekaru, tana cewa sai ta samu hutu za ta kalla.

"Goge waɗannan. Waccan ka bar ta."

"Wurin da za ki samu kaɗan ne fa."

"Zai ishe ni yau."

Ta ajiye sakamakon ɗalibanta, wannan karon ya shiga. Ta fito bakin titi, ta tsaya a inuwar wani shago, ta kira lambar mai jinyar. Matar ta ɗauka da muryar wadda ke jiran wani sabon laifi.

"Lafiya, Malama? Baba yana barci."

"Lafiya lau. Idan kin gama yau kada ki tafi, ki jira ni. Akwai abin da zan nuna miki."