Hannuwan Peni

Peni Salanoa yana ɗaure faifan ƙarfen gangarsa sa'ad da wani mutum ya hau dandamali ba ko gaisuwa, ya tsaya a kan wayar lasifika da takalminsa mai dogon wuya.

"Wane ne babba a nan?"

Peni ya nuna masa Marnie da haɓa. Ita ce mai goge, ita ce mai waƙa, ita ce kuma ke tuƙa tsohuwar bas ɗin da ta kawo su wannan gari na masu kiwon shanu a yammacin jihar Queensland ta ƙasar Ostireliya.

"Sunana Wade Hanrahan," in ji mutumin. Baƙar rigar da ke jikinsa ta matse shi, idanunsa sun yi jawur. "Da safen nan muka binne ƙanena Darcy. Akwai waƙar da yake so, ta makiyayin nan da ya dawo gida ya tarar uwarsa ta bar masa fitila a taga. Kun san ta?"

"Wa bai san ta ba?" in ji Marnie. "Allah ya ba ku haƙuri."

"To ku yi ta yadda take. Ba na son iyayi."

Da ya sauka, tsoho Dougal mai jita ya yi dariya ƙasa-ƙasa. "Yadda take? Mu? Ni rabon da in kaɗa waƙa yadda take tun ina da gashi a kai."

Gaskiya ya faɗa. Su dai ba su da wata sana'a da ta wuce lanƙwasa waƙa. Sai su ɗauko ta kaboyi su shigar da ita rege, su fito da ita ta kiɗan coci, Peni ya zuba mata gangar itace ta mutanensa na Samoa, har mai ita ma in ya zo sai ya tambayi sunanta. Waƙar minti uku takan kai su rabin sa'a, kuma abin da suka kaɗa jiya ba shi za su kaɗa yau ba, don su kansu ba su san inda za a sauka ba. Wannan ne ya sa wasu mutane suka bar ayyukansu suna bin su gari-gari cikin motocin da suke kwana a ciki, ƙafa ba takalmi, kowa da wayarsa a sama yana ɗaukar wasan kada wani abu ya wuce shi. Marnie tana kiran su 'yan bin sawu.

Ta matso kusa da Peni tana shafa wa bakan gogenta ƙaro. "Ƙato, ka ga idanun mutanen can? Tun daga maƙabarta suke sha. Ko me ya faru..."

"Na sani."

"Faɗa mini dai in ji."

"Ko me ya faru, ba ni ba taɓa kowa. Kin ji daɗi, Inna?"

"Ubanka ne Inna."

Ba wasa ba ne, ko da yake da wasa suke faɗarsa. A birnin Auckland, can ƙetaren teku, aka haifi Peni, yana goye aka kawo shi ƙasar nan, kuma iyayensa ba su taɓa nema masa takardar zama ɗan ƙasa ba, don ba su ga abin da ya yi zafi ba. Da ƙuruciya ta ɗebe shi ya karya wa wani muƙamuƙi a ƙofar gidan rawa, ya yi zaman kaso, kuma da ƙyar da siɗin goshi lauya ya hana a saka shi a jirgi a kore shi daga ƙasar. Lauyan bai ɓoye masa komai ba: in ya sake naushin ko da ɓarawon da ya shigo masa ɗaki ne, to ya yi ban kwana da Ostireliya. A garin Logan kuwa, inda gidansu yake a ƙasar nan, akwai 'yarsa Lupe, 'yar shekara bakwai, a hannun mahaifiyarsa. Uwar yarinyar, wadda suka rabu, ta rantse 'yarta ba za ta ƙetare teku ba.

Suka fara da la'asar, rana tana dukan rufin kwanon farfajiyar mashayar garin. Taron ya kasu biyu kamar an ja layi. A gaba 'yan bin sawu, a baya ƙarƙashin inuwa mutanen gari cikin baƙaƙen kaya. A tsakaninsu an ajiye wani ɗan tebur, a kansa hular Darcy da kofin giya cike wanda ba mai taɓawa.

Kiɗa ya yi daɗi ranar, wannan kam ba mai musu. Marnie ta jefa wani ɗan karin waƙa, Dougal ya cafe ya juya shi, Peni ya shiga ƙarƙashinsu ya ɗaga su. A irin wannan lokaci Peni ba ya tunanin lauya, ba ya tunanin komai. Har wata tsohuwa daga cikin masu makoki ta manta kanta tana buga ƙafa, sai da 'yarta ta zungure ta.

Sannan Marnie ta ce a makirufo, "Wannan ta Darcy ce."

Maza suka cire huluna. Ta rera baitin farko yadda yake, ta rera na biyu, Peni yana bin ta a hankali yana ɗan shafa fatar ganga. Ya hango Wade ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa suna rawa. Tausayinsa ya kama Peni sosai. A cocinsu na Logan in an yi rashi ba a raka mamaci da muryar sauro, ɗaga murya ake yi har bango ya amsa. Ya ji waƙar ta yi wa baƙin cikin mutumin nan kaɗan.

Daidai inda makiyayin ya hango fitila, Marnie ta ja goge ta riƙe sauti ɗaya dogo. Wuri ne buɗaɗɗe, irin wanda hannun Peni ya saba faɗawa ciki shekara da shekaru. Bai yi shawara da kowa ba, bai ma yi da kansa ba. Ya jinkirta bugu ɗaya, ya sauke shi da nauyi a inda 'yan rege ke sauke shi. Dougal, da yake shi ma hali zanen dutse ne, ya bi shi. Marnie ta waiwayo da ido a zare, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

'Yan bin sawu suka kwashe da ihu. Abin da suka ƙona mai suka zo nema ke nan. Suka yi tsalle, suka juya, ƙura ta tashi. Wani dogon saurayi mai tukkayen gashi ya rufe ido yana juyi da hannuwa a baje, ya yi baya-baya, ya bangaje teburin. Kofin ya tarwatse. Hular ta gangara cikin ƙafafun masu rawa, wata yarinya ta taka ta ba ta ma sani ba.

Kwalba ta farko a fuskar saurayin ta fashe. Ya dafe ido, jini yana bulbulowa ta tsakanin yatsunsa, bai gama faɗuwa ba wani ya bi shi da kujera a gadon baya. Daga nan wuri ya hargitse. Masu baƙaƙen kaya suka afka cikin masu rawa, waɗanda yawancinsu ko kaza ba su taɓa yankawa ba. Aka ja wata mata da gashi a kan siminti. Wani mai gemu ya ɗaga hannu yana cewa a tsaya a yi magana, aka cika masa baki da gwiwar hannu, ya zauna yana tofar da haƙora. Mai mashayar ya leƙo, ya koma ya rufe ƙofa.

Wade bai tsaya kan kowa ba, dandamali ya nufo. Dougal ya tare shi yana cewa, "Ɗana, saurara," sai Wade ya fizge jitar ya maka masa ita a kunne, tsohon ya zube a kan lasifika, ta ɗauki wani ƙugi mai huda kai. Marnie ta sha gabansa, ya hankaɗe ta ta faɗo ƙasa da kafaɗa.

Peni ya miƙe, sandunan kiɗa suka faɗi.

Ya fi Wade tsawo da kai guda, ya ninka shi a faɗi. Ya ga haɓar mutumin a sake, ba kariya, kuma jikinsa ya san hanyar zuwa wurin sarai. Zuciyarsa tana tafasa, don Dougal ne ya ɗauke shi aiki lokacin da ba mai son ganinsa. Sai ya hango wayoyi. A jikin katanga, a bayan motoci, waɗanda suka tsira daga dukan suna tsaye suna makyarkyata, amma wayoyinsu suna sama. Sabo ne, ba su san yadda ake sauke su ba.

Ya zagayo gangunan, ya ɗaga hannuwansa biyu a buɗe.

"Ni ne na juya kiɗan. Ba su ba. Ka yi haƙuri."

"Haƙuri?" Wade ya nausa masa a baki. "Na ce maka yadda take! Ban ce ba?"

"Ka ce."

"Ƙanena ne abin wasan birinku? Ɗan iskan ɗan tsibiri!" Ya ƙara masa a ido, ya ƙara a hanci. Peni ya ji ƙashin ya ba da ƙas, jini mai ɗumi ya cika masa maƙogwaro. "Rama mana! Duk girman nan na banza ne? Rama, shege!"

Wasu biyu suka hau suka taya shi. Ɗaya ya doki bayan gwiwar Peni, ya durƙushe. Ƙafafu suka yi ta sauka a haƙarƙarinsa. Ya ji yatsunsa suna dunƙulewa da kansu, abin ya tsorata shi fiye da dukan. In ya rufe kai da hannu, wani zai ce ya ga dunƙule. In ya kama ƙafar wani, za a ce kokawa aka yi. Sai ya miƙa hannuwan can gaba, nesa da jikinsa, ya shimfiɗa su a kan katakon dandamali, ya ware yatsu goma inda kowace waya za ta gan su.

Wade ya tsaya yana haki. Ya dubi hannuwan.

"Da waɗannan ka yi?"

Dunduniyar takalmin ta sauka a kan na dama. Peni ya yi wata ƙara da bai san tana cikinsa ba, amma bai janye ba. Ta sake sauka. Da Wade ya ga takalmi bai ishe shi ba, ya jawo ƙarfen makirufo mai nauyin gindi, ya ɗaga da hannu biyu, ya sauke a kan na hagu. Marnie tana rarrafowa tana kururuwa, "Peni, janye! Janye su, don Allah!" Ya kifa goshi a katako, ya ciji leɓe, ya bar su a inda suke.

Jiniyar mota ce ta raba su. 'Yar sandar garin ta shigo da gudu, ta waiga dama da hagu, kuma kamar yadda aka saba, ta wuce kowa ta nufi ƙaton baƙin mutumin da ke jina-jina. Har ta ciro ankwa ta kamo wuyan hannunsa. Da ta ga abin da ke ƙarshen hannun, ta sake shi a hankali. Wade kuwa yana zaune a bakin dandamali, ya tsinto hular ƙanensa yana kaɗe mata ƙura, yana kuka kamar yaro.

A ƙaramin asibitin garin, ma'aikaciyar jinya ta naɗe hannuwan har gwiwa, ta ce jirgin likitoci zai zo ya kai shi birni. A gadon da ke kusa Dougal yana kwance da ɗinki a kunne, saurayin mai tukkaye kuma an rufe masa ido ɗaya.

"Zan sake riƙe sanda?" Peni ya tambaye ta ta cikin kumburarren baki.

"Bari likitan ƙashi ya gani," in ji ta, tana gyara abin da ba ya bukatar gyara.

Bayan rana ta faɗi 'yar sandar ta dawo, ta tsaya a ƙofa da hula a hannu. "Na kalli abin a waya shida. Ko turi ba ka yi ba. Ba abin da za a rubuta a kanka. Me ya hana ka ko kare kanka, bawan Allah?"

"Ina da 'ya," ya ce.

Ba ta gane ba, ta gyaɗa kai ta fita.

Marnie, hannunta ɗaya rataye a wuya, ta kira Logan ta kara masa wayar a kunne. Mahaifiyarsa ce ta ɗauka, ya ce ta ba yarinyar tukuna.

"Baba! Me ya sami muryarka?"

"Mura ce, uwata. Kin ci abinci?"

"Na ci. Yaushe za ka dawo? Kaka ta ce sai bayan Kirsimeti."

"A'a. Cikin satin nan."

"Kun gama yawon?"

Ya dubi fararen ƙunshin nan biyu da ke kan cinyarsa. Marnie ta kau da kai tana kallon bango.

"Ni dai na gama nawa."

"Ba za ka sake tafiya ba? Har abada?"

"Da wuya."

Ya ji ta yar da wayar a kan kujera. Ya ji sawunta tana gudu cikin gida tana tsalle, tana ihu da iyakar ƙarfinta, "Kaka! Kaka! Baba ya daina kiɗa! Zai zauna da mu!"

Marnie ta yi niyyar sauke wayar.

"Bar ta," ya ce, hawaye suna shiga masa cikin tsagar leɓe. "Bar ni in ji."