Ganin Iya a Cikin Ludayi

Jiya da dare na yi wani mafarki da har yanzu bai gama sakina ba.

Bari in fara da abin da na kwanta da shi a rai. Hutuna na shekara ya matso, na kuma ƙudura zan kai Iya, mahaifiyata, Legas ta ga teku. Likita ya ce hawan jinin ido ke damun ta, ganin yana tsukewa a hankali, kuma wanda ya tafi ba ya dawowa. Tun da abin ya matsa mata ta dawo gidana da zama. Iya ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi madatsar garinmu ba, ta kuwa sha faɗa wa jikokinta cewa tana son ta ga ruwan da ba a hango ɗaya gaɓarsa. Ni kuma mutum ne mai shegen son tsari, ko kasuwa za ni sai na yanke ƙofar shiga da ta fita tun daga gida. Na cika jadawalin tafiyar maƙil: gidan tarihi, gidan namun daji, babbar gada, kasuwar atamfa, sannan teku a ƙarshe don a rufe da mai daɗi. Ina cikin neman inda zan cusa wani masallaci barci ya ɗauke ni, waya a ƙirji.

Sai ga mu ni da Iya a ƙofar wani gari, ita da mayafinta na zuwa unguwa, ni da jaka. An rubuta Birnin Anjima a saman ƙofar. A gefe akwai ofishin baƙi, wani ƙadangare mai jan kai yana zaune a bayan tebur da biro a hannu. Ban yi mamaki ba. Ya ma fi wasu da na sani kama da ma'aikaci, don shi aƙalla na same shi a kujerarsa.

Ya ce, "Me ke tafe da ku?"

Na ce, "Yawon buɗe ido, yallaɓai."

"Idon wa za a buɗe?"

"Na mahaifiyata."

Ya gyaɗa kai. Na ji daɗi, sai daga baya na lura ko tari aka yi gyaɗa kan yake. Ya jawo aljihun tebur ya fito da ludayin duma, ya tara a ƙasan haɓar Iya. Ta ƙifta ido, wani ruwa garai-garai ya zubo a ciki, bai kai rabin ludayin ba.

Ƙadangaren ya miƙo mini ya ce, "Riƙe. Iyakar ganin da ya rage mata ke nan. A garin nan ido rufe ake tafiya, duk inda ta buɗe sai an ɗiba. In ya ƙare ya ƙare, ba ma ƙari."

Na miƙa masa jadawalina. A mafarkin ya zama rawani, yana warwarewa yana karantawa har rawanin ya cika ofishin ya fita ta taga.

Ya ce, "Malam Hambali, wannan ai tsarin mai tulu ne. Kai da ludayi ka zo."

"To me zan rage?"

"Ni hatimi kawai nake bugawa." Ya buga da jela, ya kira na gaba.

Muna cikin bas. Direban kunkuru ne, motar kuwa ba ta motsi, titunan ne ke zuwa su wuce ta gefenmu, in naka ya iso ka sauka. Iya na zaune ido rufe tana jan carbi. Na rungume ludayin da hannu biyu kamar mai kai wa maƙwabta miya. Da titin gidan tarihi ya iso muka sauka, muka tarar da fili fetal da wani tsohon maigadi a kan benci.

Na ce, "Baba, ina gidan tarihin?"

"Ya tafi suna wata unguwa. In an gama cin abinci zai dawo."

Iya ta ce, "Allah Ya raya."

Raina ya ɓaci, domin shi ne na farko a jadawalin, kuma ni in farko ya goce sai in ji duk sauran sun karkace. Amma da na leƙa ludayin na ga ko ɗigo bai ragu ba. Na yage wurin daga jikin rawanin na ba maigadin, ya ɗaura a ka ya yi godiya.

Ruwan sama ya tsuge, amma daga ƙasa. Yana fitowa ta tsakanin yatsun ƙafa ya miƙe zuwa gajimare, mutane suka kifa lemominsu suka hau kai suka tsaya suna hira. Nan na ga ruwan ludayin ma ya fara ɗagowa yana son bin 'yan'uwansa. Na cire hulata na kife a kai, na danne da tafin hannu har aka ɗauke. Ban taɓa jin tsoron ruwa irin na lokacin ba.

Muna tafe a wani lungu, hannunta a kafaɗata, sai Iya ta ja birki. Wata mata ce zaune a ƙofar gida tana tsince wake a faifai. Ƙarar waken Iya ta ji. Kafin in ce wani abu ta buɗe ido, ta sunkuya, suka shiga gaisuwa, ina gajiya, ina yara, ina aiki, tana kallon yatsun matar suna ware tsakuwa gefe guda. Ina ji ludayin yana sauƙi a hannuna.

Na ce, "Iya, wake fa. Akwai shi buhu guda a gida."

Ta ce, "Na gidan ma yaushe rabon da in ga tsakuwarsa? Sai dai in ji ta a haƙori."

Ta rufe idon, muka wuce. Na leƙa ludayin, ya ragu sosai. Na ji haushinta, na kuma ji kunyar jin haushin. A tsaye a wurin na kama rawanin na yage gada, na yage namun daji, na yage kasuwar atamfa duk da na san tana son atamfa. Abin da ya rage a hannuna bai fi hankici ba, kalma ɗaya ce a jiki.

A mararraba wani jaki ne ke ba da hannu, sanye da farar safa. Na tambaye shi hanyar teku.

Ya ce, "Ai ba ya zama wuri ɗaya. Da safe yana bayan tasha, yanzu ina jin ya koma layin masu faci. Ku bi a hankali, in ya ji ana gudu janyewa yake yi."

Tafiya a hankali ita ce abin da na fi ƙi a duniya, amma na yi. Muka wuce masu faci suna hura tayoyi da baki. A ƙarshen layin akwai wata ƙofar langa-langa, na yi sallama, aka amsa daga ciki da wata murya mai faɗi. Na tura.

Teku ne. Ba iyaka, ba gaɓa, shuɗi har inda ya haɗe da sama, yana zuwa yana komawa yana cewa sannu, sannu. Ni kaina sai da na manta da numfashi. Na duba ludayin, abin da ke ciki bai fi a jiƙa leɓe ba, amma zai isa kallo ɗaya mai kyau. Na kama kafaɗun Iya na saita ta sosai, yadda ba abin da zai tare mata.

Na ce, "Iya, ga shi nan a gabanki. Buɗe."

Ba ta buɗe ba. Ta tuɓe takalmi, ruwan ya zo ya lashi ƙafafunta ya koma. Ta shaƙi iskar, ta ce akwai gishiri a ciki. Ta saurara ta ce, "Yana da surutu." Daga nan ta juya ta ba shi baya, ta buɗe idonta a kaina.

Ni ne ɗanta na fari. Tun da na yi wayo Iya ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ɗan nan, ko wancan. In za ta yi mini magana bango take kallo, ko faifai, ko ƙanena da ke gefe. Kunyar ɗan fari ce, haka ta taso ta gani, ni ma ban taɓa ɗaukar abin komai ba. Yanzu ga ta tana kallona tsaf, tun daga goshi.

Na ce, "Iya, ba nan ba. Bayanki."

"Shi na ji shi ai. Tsaya mana, sai motsi kake."

"Zai ƙare fa."

"Ashe furfura ta fito maka. Wa ya ba ka izini?" Ta matso, ta ɗan karkata kai. "Hancin babanka ne kuwa. An sha gaya mini."

Na so in juya ta da ƙarfi, hannuwana suka ƙi. Na tsaya ƙyam kamar za a ɗauke ni hoton fasfo, kuka yana taso mini ina haɗiyewa don kada fuskar ta lalace mata. Teku yana ta sannu, sannu a bayanta, ba wanda ya amsa masa. Ludayin ya yi ta sauƙi har ya zama ba komai, ya suɓuce daga hannuna.

Ƙarar kwanon sha ce ta tashe ni, yana gangarawa a kan siminti. Asuba ta yi. Na fito na tarar da Iya a baranda, buta a hannu, ɗaya hannun yana laluben bango. Ƙwan lantarki yana ci tar a saman kanta.

Ta ce, "Wa ya ajiye kwano a kan hanya? Wutar yau ma ba ta da ƙarfi, ko?"

Na ɗauke kwanon. Na matso dab da ita, ƙarƙashin hasken, na tsaya ban motsa ba.

Ta ce, "Waye nan?"

Na ce, "Ni ne, Iya."