Kafaɗar Dogo Mai Fito

Shekara talatin ina taka keken ɗinki a kasuwar Wara, kuma da an bar ni da kaftani da 'yar shara da na tsufa da sauran bayana. Sai ga Dogo mai fito ya shigo da yadi ruwan toka a leda. 'Yarsa Deborah, mai aikin jinya a Kwantagora, za ta yi aure ran Asabar, ta ce kwat mai guda uku take so ya sa: kwat, falmaran da wando. Shi zai riƙo hannunta ya shigar da ita coci a gaban dangin miji, 'yan boko.

Ya ce, "Lawali, kak ka bari in ba yarinyar ga kumya."

Na auna shi yadda nake auna kowa, gefe ɗaya, na ninka yadi na yanka. Nan na yi kuskure. Babbar riga mai rufin asiri ce, kwat kuwa ba ta san wannan ba. Ran gwaji wando ya zauna, falmaran ta kama ciki daidai, amma kwat ta karkace. Shekara arba'in Dogo yana jan filafilin jirgi ta dama, wannan kafaɗa ta cika ta ɗaga, ta hagu ta zube. Hannun hagu har ya rufe masa yatsu.

Dogo ya kalli madubi ya ce, "Ashe haka nike?" Wallahi ya ba ni tausayi.

Na farke na sake. Na cusa soso a kafaɗar hagu, ya yi kaɗan. Na ƙara, wuyan ya tashi. Na rage hannu, shafin ciki ya tattare. Sau uku yana ɗaure jirginsa a gaɓa ya zo ya tsaya mini kamar turke, ni kuma ina zagaya shi da alli da allura a baki, idona na ruwa, ƙuguna na ciwo. Ga shi kullum sai ya ɓalla maɓallan falmaran har ƙasa, in ce a bar maɓallin ƙarshe a buɗe, ya ce to me ya sa na ɗinka shi. Ni dai haka na tarar ana yi.

Ran Juma'a da hantsi kwat ta zauna. Kafaɗu suka yi daidai, sai ka ce bai taɓa ganin ruwa ba. Na zauna a benci ina hamdala, sai ga Deborah ta sauka daga kan mashin. Ta gaishe ni, ta zagaya uban sau biyu ba ta yi murmushi ba. Ta ɗora hannu a kafaɗarsa ta hagu ta danna.

"Baba Lawali, mi na nan ciki?"

"Soso ne."

"Don Allah a hidda shi."

Raina ya ɓaci, na ce kwana uku na yi ina ɓoye abin nan saboda ita.

Ta ce, "Ku yi haƙuri, Baba. Bisa wagga kafaɗa yaka aza ni kullum in mun iso gaɓa, don kada taɓo ya ɓata min kayan makaranta. Ita nika so dangin mijina su gani."

Dogo ya juya yana kallon bango, ya daɗe bai juyo ba.

Na cire masa kwat ɗin, na ɗauki reza. Aikin kwana uku ya fita cikin minti goma, na daidaita hannun kawai na goge.

Na san gobe za a cika coci ana ƙus-ƙus, wane tela ne ya ɗinka wa mutum kwat a karkace. Da zai fita na ce, "Dogo, kowa ya tambaye ka, ka ce Lawali ne."