Keken da Saura-Kaɗan Ya Gama

“Rubu’i na ce maka, Mai Aski, ba rabi ba. Mayar.”

Na mayar da ɗan makullin ɗaure wayoyin ƙafar keke baya. Ina zaune a kujera ’yar tsugunno a gefen gadonsa, ƙafar keke tana rataye a jikin ƙarfen da yake daidaita ƙafafu a kai, gumi yana bin bayana. Shi kuwa ya jingina da matasai uku, numfashi na fita da ƙyar, amma idonsa na kan hannuna kamar mage a bakin rami.

“Kaɗa wayar in ji.”

Na sa farce na kaɗa. Ta ce tin. Na kaɗa ta kusa da ita, ta ce tum.

“Ka ji ko? Wannan ido biyu take, waccan barci take yi. Ƙara wa mai barcin.”

Saura-Kaɗan muke ce masa a layinmu, kuma shekara ashirin da biyar katanga ɗaya ta raba gidana da nasa. Ma’aikacin gidan waya ne har ya yi ritaya, amma wannan aikin neman abinci ne kawai. Ransa yana cikin garejinsa, inda mota ba ta taɓa kwana ba. Can yake tara tsofaffin kekunan tsere, masu siraran tayoyi da kai lanƙwasasshe kamar ƙahon rago. Sai ya tsinto gangar keken da tsatsa ta cinye a wurin ’yan gwangwan, ya kankare ta, ya fesa fenti, ya wanke boris ɗaya bayan ɗaya a cikin gwangwanin kananzir, ya ɗaura wayoyin ƙafa da hannunsa. Ba ya sayarwa. In ya gama sai ya dubi wanda tsawonsa ya dace ya ce, “Zo ka ɗauka.” Duk wanda ya tambaye shi ina aka kwana, amsa ɗaya ce, “Saura kaɗan,” har ta zame masa suna.

Nasa na hawa kuwa ba shi da giya, kuma fedarsa ba ta hutawa: muddin ƙafar baya na juyawa, ita ma tana juyawa. Na taɓa hawa sau ɗaya don in nuna masa ba wani abu ba ne. Ina isa gangare na tsai da ƙafa yadda kowa ke yi, keken ya ɗaga ni ya ajiye a gaban shagon mai guga. Ya zo da gudu, ya fara duba keken, sannan ya tambaye ni lafiya. Na yi wata guda ba na yi masa magana, amma ban daina yi masa aski ba.

Ban taɓa ganin mutum mai tsabtar aiki irinsa ba, kuma ina faɗin haka ne a matsayin wanda ke rayuwa da kaifin aska. Sai dai tsabtar nan ita ta cuce shi a wuri ɗaya. Yana da ’ya guda, Auta. Tana da shekara goma sha uku ta ce ita ma a haɗa mata nata. Ya ce to. Ya sami ganga, ya ce ta yi mata tsawo. Ya sami wata, ya ce ƙarfen ya yi nauyi. Ta uku ya fesa mata fenti sau biyu, ya kankare sau biyu. A tsakanin nan ya haɗa wa direban makaranta, ya haɗa wa ɗan mai kanti, har surukin mai guga ya samu, don na waɗannan in an sami ɗan aibi yana iya kau da kai. Na Auta ne ba zai yarda da aibi ba. Ta girma, ta yi karatu, ta zama malamar makaranta a wani gari mai nisa. Tun tana sha bakwai ta daina tambaya, kuma na san shirun nan ya fi tambayar yi masa ciwo.

Da ciwon zuciya ya kwantar da shi, hannuwansa suka kumbura har ba ya iya riƙe cokali. Ranar Talata na je yi masa aski a gado, sai na tarar an shigo da keke ɗakin, shuɗi mai haske, an jingina shi da sif. Komai ya kammala sai ƙafar baya.

“Auta za ta zo ran Asabar,” ya ce. “Ara mini hannunka.”

“Ni? Ni da ko faci ban iya ba?”

“Hannun da ke bin maƙogwaron mutane bai yanka ba, ai zai iya. Ƙwaƙwalwar ce dai babu, ita kuma ina da ita.”

Haka na rufe shago kwana uku. Waya talatin da shida, kowace ta fito daga cibiya, ta haye ’yan’uwanta uku, ta shiga raminta a jikin rim, zoben da taya ke zama a kai. Wanzami ba ya son jarfa, gaskiya ne. Ni da na saba cewa mutum sunkuya ya sunkuya, sai ga ni ana yi mini tsawa a kan rubu’in juyi. Wani lokaci barci ya sace shi a tsakiyar magana, in ci gaba ni kaɗai don kada lokaci ya ƙure.

Ranar Juma’a da la’asar ƙafar ta daina rawa. Na juya ta, ta tafi sumul. Na sa taya, na jawo famfo ina jin kaina kamar wani injiniya. Sai kan famfon ya ƙi zama. Wayoyi biyu sun gitta daidai saman bawul ɗin da iska ke shiga, sun tare hanya.

“Kawo nan,” ya ce.

Na ɗora masa ƙafar a cinya. Ya daɗe yana kallo.

“Tun wayar farko ka kauce. Rami ɗaya tak. Wurin bawul a buɗe ake barinsa, don famfo ya shiga a miƙe.” Ya ja numfashi. “Ina barci ka fara, ko?”

“Kana barci.”

“Kwance.”

“Me?”

“Duka. A sake.”

Raina ya ɓaci, na manta da mara lafiya nake magana. “Haba, Malam! Iska za ta shiga ko ba za ta shiga ba?”

“Za ta shiga, in an karkata kan famfon.”

“Keken zai tafi?”

“Zai tafi.”

“To mene ne?”

“Na Auta ne,” ya ce, kamar wannan ya ƙare magana. “Duk ranar da ta zo yin famfo sai ta ga aikin ubanta a karkace. Kwana uku ne kawai. Sannu ba ta hana zuwa.”

“Sai dai a daɗe ba a je ba.”

Matarsa ce ta ƙarasa, tana tsaye a bakin ƙofa da kofin magani. Mace ce mai ƙarancin magana, shekara da shekaru tana shanya kaya a tsakanin tayoyi ba ta taɓa ƙorafi ba. Ta ajiye kofin a kan tebur.

“Baban Auta, kwana ukun nan da kake rabawa, wa ya ba ka su?”

Ya rufe ido. Na jira, na ga babu abin da zai sauya, sai na ɗauki makullin na ɗora a kan wayar farko, ina jin tausayinsa da haushinsa.

“Tsaya,” ya ce, idonsa a rufe. “Karkata famfon.”

Na karkata. Iska ta shiga, tayar ta yi tauri. Na ɗaura ƙafar a jikin keken, na maida sarƙa, yana gaya mini wane noti zan fara ɗaurewa. Da na gama na tsaya ina jiran ya nuna wani abin. Ya dubi keken tun daga kai har baya.

“An gama,” ya ce.

Ni da matarsa muka kalli juna. Shekara ashirin da biyar ban taɓa jin kalmar nan a bakinsa ba.

Ran Asabar Auta ta iso da hantsi, bayan an ɗan yi yayyafi. Ta shiga ɗakin da jakarta a kafaɗa, ta durƙusa ta riƙe hannunsa, sai da ta ɗago sannan ta ga abin da ke jingine da sif.

“Baba, na wa ne?”

“Akwai aibi a ƙafar baya,” ya ce da sauri. “Gara in gaya miki da bakina. Aikin Mai Aski ne.”

“Baba, na wa ne?”

“Naki ne, Mamana. Na makara.”

Ta sa dariya, dariyar ta juye kuka, ta kifa kai a gefen katifa. Na fita tsakar gida ina duban inda babu abin duba.

Da ta fito da keken, muka matsar da gadonsa jikin taga, muka ƙara masa matashi. Ta tattare bakin rigarta ta hau. Zagayen farko sai da na riƙe sirdin, tana ta cewa, “Kawu, kada ka saki,” alhali na daɗe da saki. Tsakar gidan ba ta da faɗi, daga bakin rijiya zuwa gindin lemo sai a juyo. Duk sanda ta gitta ta gaban taga sai ta ɗaga masa kai, shi kuma ya ɗaga yatsu biyu daga kan bargo. Bai ce ta miƙe baya ba, bai ce sirdi ya yi tsawo ba. Kallo kawai yake yi. Ta zaga har na daina ƙirgawa.

Washegari rana ta ɗan ɗaga ina shirin fita buɗe shago sai na ji kukan Auta ta kan katanga. Allah ya yi masa cikawa yana jingine a jikin tagar nan, don ya hana a mayar da gadon.

Na shiga kafin mutane su taru. Matarsa na tsakar gida da tsintsiya a hannu, tana share wurin da za a shimfiɗa tabarmi. Ta share bakin ƙofa, ta share gindin katanga, ta share tsakiya. Sawun siririyar tayar nan yana kwance a kan danshin ƙasa, zagaye a kan zagaye, daga rijiya zuwa gindin lemo. Duk inda ta iso shi sai ta ɗaga tsintsiyar, ta tsallaka, ta ci gaba daga ɗaya gefen.